WA KE BA DA LABARIN AREWA A LITTAFI? DAGA GASAR ZARIYA TA 1933 ZUWA YAU

'Yan'uwa ɗalibai 'yan Arewa, musamman mu da karatu ya tsallako da mu Kudu. Rubutun nan yana da tsawo, don haka wanda ke cikin lakca ya ajiye shi sai ya koma ɗaki.

Tun da aka fara maganar mu kafa zauren karatun littattafai a wannan zangon, mutane da yawa sun tambaye ni da wane littafi za a fara. In na jero sunaye goma na tafi, kowa zai danna alamar so ya wuce, babu mai buɗe ko ɗaya. Shi ya sa na ga gara in ɗauko tarihin abin daga tushe, duk inda muka iso kan littafin da ya cancanta sai in nuna muku shi tare da dalili.

Duk wanda ya shekara a jami'ar Kudu ya taɓa jin tambayar nan, ko a ɗakin kwana ko a wajen cin abinci: wai ku ma kuna da marubuta a can? Yawancin masu tambayar ba da raini suke yi ba, abin da aka koya musu ke nan tun sakandare. Tarihin adabin Nijeriya kamar yadda aka saba karantar da shi yakan tashi daga Amos Tutuola a 1952, ya bi ta kan Things Fall Apart na Chinua Achebe a 1958, ya zo kan Wole Soyinka da kyautar Nobel ta 1986, ya sauka kan Chimamanda Adichie. Ɗan Arewa in ya leƙo a irin waɗannan labarai da finafinan da suka biyo bayansu, sau da yawa maigadi ne, ko soja, ko alhaji mai tumbi, ko wani a cikin gungun masu tarzoma da ko suna ba a ba shi ba. Abin takaici, da yawanmu ba mu da amsa, sai mu yi dariyar yaƙe mu canza zance.

Amsar tana cikin tarihi. Hanya biyu Nijeriya ta bi zuwa ga littafi. Ɗaya ta taso daga makarantun mishan na Kudu ta haɗe a Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948. Achebe da Soyinka da Christopher Okigbo da J. P. Clark duk nan suka yi karatu. Da Turanci suka rubuta, kamfanonin Landan suka buga, duniya ta karanta. Ɗayar hanyar tamu ce, kuma ta girmi zuwan Bature nesa ba kusa ba. Malamai sun daɗe suna rubutu da Larabci da ajami. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana aika su ƙauyuka ta hannun 'Yan Taru domin karantar da mata. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, sai suka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi, makarantun boko suka kasance 'yan ƙalilan, kuma da Hausa ake fara koyarwa. Jami'ar Ahmadu Bello sai a 1962 ta zo, shekara 14 bayan Ibadan. Saboda haka da ƙagaggen labari irin na zamani zai iso Arewa, da Hausar boko ya iso, ta ƙofar Zariya.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda aka mayar Hukumar Talifi, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai. Shugabanta Rupert East da kansa ya zaga garuruwa yana lallashin malamai su rubuta, domin yara suna koyon boko amma babu abin karantawa mai daɗi. Littattafai biyar aka samu daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ku riƙe shekarun nan da kyau. Omenuko na Pita Nwana, wanda ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da Ibo, a 1933 ya fito. Shahararren littafin D. O. Fagunwa na Yarabanci game da maharbi a dajin aljanu, 1938. Ashe kusan tare harsunan nan uku suka fara, kuma Shaihu Umar ya girmi Things Fall Apart da fiye da shekara ashirin. In abokin ɗakinka ya sake tambaya, ka faɗa masa firayim ministan Nijeriya na farko marubucin labari ne tun yana malamin makaranta.

Cikin biyar ɗin nan, Shaihu Umar nake so mu fara da shi. Ɗan siriri ne, zama ɗaya ake gama shi, amma yana da nauyi. Labarin yaro ne da aka sace a zamanin cinikin bayi, ya bi ayari ya ƙetare hamada har ƙasar Larabawa, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma aka bautar da ita. Bauta abu ce da muke kauce wa ambato a tarihinmu, amma ga ɗan Arewa ya zauna ya rubuta ta daga ɓangaren waɗanda aka yi wa. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976, don haka za ka iya miƙa wa abokin da ba ya jin Hausa. Ganɗoki ma ku neme shi, domin yaƙi da Turawa ne daga bakin jarumin da ya ƙi miƙa wuya, kuma hukumar Turawan ce ta buga.

Amma mu duba su wa aka ba alƙalami a wancan karon. Duk maza ne, yawancinsu 'yan boko da suka bi ta Kwalejin Katsina. John Tafida, mutumin Wusasa, unguwar Hausawa Kirista ta kusa da Zariya, shi ne alamar cewa tun ranar farko Arewa ba launi ɗaya ba ce. Mace kuwa babu ko ɗaya. Haka aka ci gaba har zamanin Magana Jari Ce, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da hukumar NORLA, da kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966.

To, me ya biyo baya? Tunda mu da Hausa muke rubutu, kuma ba a fassara sai ɗai-ɗai, sai ya zama mai karatun Turanci ya fara ganin Arewa ta idon wani. Wannan mutumin shi ne Cyprian Ekwensi, Ibo ne da aka haifa a Minna a 1921. Shi ya rubuta The Passport of Mallam Ilia da ya fito a 1960, da Burning Grass a 1962, labarin Mai Sunsaye, dattijon Bafillace da ciwon yawo ya raba da iyalinsa. Da kamfanin Heinemann ya buɗe jerin littattafan marubutan Afirka a 1962, Things Fall Apart ne na ɗaya, Burning Grass na biyu. A gaskiya Ekwensi ya rubuta mu da ƙauna, kuma ya kamata mu karanta shi. Sai dai akwai wani abu. Littafinsa An African Night's Entertainment, na 1962, in ka ajiye shi kusa da Jiki Magayi za ka ga labari ɗaya ne: attajiri ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya shiga duniya neman fansa. Manazarta sun daɗe da nuna wannan. Yaran Kudu sun karanta na Turancin a makaranta, ba su taɓa jin sunan John Tafida ba. Fagunwa ya yi dace, Soyinka da kansa ya fassara shi a 1968. Marubutanmu ba su samu mai yi musu irin wannan hidima daga gida ba.

'Yan Arewa masu rubutu da Turanci sun fara fitowa sosai ne a ƙarshen shekarun 1970. Mohammed Sule ya fitar da The Undesirable Element a 1977 cikin jerin Pacesetters da iyayenmu suka yi yayi. Labo Yari ya zo da Climate of Corruption a 1978. Ibrahim Tahir ya fitar da The Last Imam a 1984, Abubakar Gimba na Jihar Neja shi ma ya biyo da nasa a jere. Amma wanda ba zan yafe a tsallake ba shi ne The Stillborn na Zaynab Alkali, 'yar ƙasar Biu, wanda ya fito a 1984. Labarin Li ne, yarinyar ƙauye mai burin birni da aure da aikin koyarwa, da yadda kowane buri ya zo mata a karkace. Ƙauyen nata ba na Hausawa ba ne, kuma Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya duk suna ciki. Wannan ma Arewa ce.

A ɓangaren Hausa kuwa, sai a 1980 aka buga ƙagaggen labari na farko da mace ta rubuta, wato So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, bayan gasar da NNPC ta sa. Ku lissafa: daga 1934 zuwa 1980 shekara 46 ke nan maza kaɗai ke faɗin abin da mace take ji. Jarumar littafin Boɗaɗo ce, Bafillatana da ta nace sai wanda take so ko da ba danginta ba ne. Bayan shekara biyu, gasar Sashen Al'adu na Tarayya ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda jaruminsa Mailoma ya fito daga cikin Maguzawa, labarin kuma ya shiga ta'asar da ta biyo bayan yaƙin basasa. Wanda yake zaton littafin Hausa duk soyayya ce da tatsuniya, ya nemi wannan ya sha mamaki.

Daga nan sai abin ya ƙwace daga hannun hukuma. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da makarantun yaƙi da jahilci sun samar da ɗimbin masu iya karatun Hausa, musamman mata. A daidai lokacin kuma tattalin arziki ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Ga masu karatu, babu mai buga musu. Sai matasa suka fara rubutawa da kansu, su kai ƙananan maɗaba'u, su raba wa 'yan kasuwa a Kano, wanda ba shi da kuɗin saye ya karɓi haya. Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina tana cikin na farko-farko. Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna, wanda ya karaɗe ko'ina. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa. A karon farko mata suka yi yawa a fagen, suna rubuta auren dole da kishi da saki da karatun 'ya mace, abubuwan da a da sai a tsakar gida ake raɗa su.

A nan zan tsaya kan Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta dawo ta yi karatun manya. Ku karanta Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka raba da aji aka ba tsoho. Ku karanta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya, ta riƙe su da sayar da abinci. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a 2012. Kun san a ina? A Indiya, wani kamfani mai suna Blaft a birnin Chennai. Sai da aka ƙetare teku kafin a samu mai bugawa.

To fa, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muna kukan Kudu ba ta san marubutanmu ba, mu yaya muka karɓe su? Wasu masana sun kira wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano, suna kwatanta shi da 'yan littattafan kasuwar Onitsha. An yi shekaru ana muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi a ɓangaren masu suka, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu a ɓangaren masu karewa. A 2007 har an ƙona wasu littattafan a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ba na cewa duk abin da aka buga zinare ne, akwai tarkace da yawa, kamar a kowane harshe. Amma har gobe ɗan jami'a yana jin kunyar a gan shi da littafin Hausa a hannu, wai karatun 'yan mata ne. Wanda ya raina abin gidansa, da wane baki zai ce maƙwabci ya girmama shi?

Ƙarni na 21 ya zo da sabon salo. Helon Habila, Batangale daga Kaltungo a Jihar Gombe, ya ci kyautar Caine a 2001. Littafinsa Measuring Time na 2007 labarin tagwaye ne, Mamo da LaMamo, ɗaya mai ciwon sikila ya zauna gida yana rubuta tarihin garinsu, ɗaya ya tafi yaƙe-yaƙen Afirka. Ɗaliban tarihi, wannan naku ne, domin tambayar da ke cikinsa ita ce wa ke da ikon rubuta tarihin gari, fada ko talakawa. E. E. Sule daga Nasarawa ya fitar da Sterile Sky a 2012, tarzomar Kano ta idon yaro ɗan gidan ɗan sanda talaka. A 2015 aka samu biyu a shekara guda. Born on a Tuesday na Elnathan John, ɗan Kaduna, sunan littafin ma fassarar Ɗantala ce, almajirin da ke ba da labarinsa da bakinsa daga bangar siyasa har zuwa rikicin malamai a Sakkwato. Sai Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG, dala 100,000, a 2016. Labarin Hajiya Binta ne, bazawara 'yar shekara 55, da wani matashi shugaban 'yan daba. Wasu sun ce ya wuce gona da iri. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne alkunyar ɗan fari: uwa ta rayu ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba, har ya mutu. Duk Bahaushe ya san wannan al'ada, amma ba kowa ya taɓa tambayar me take yi wa zuciyar uwa da ɗa ba.

Na san ƙorafin da wasunmu ke yi, wai waɗannan littattafai tonon silili ne, kuma kasuwar waje ba ta son labarin Arewa sai in da almajiri ko bom a ciki. Akwai ƙamshin gaskiya a rabi na biyu na wannan magana. Mai bugawa a Landan abin da ya saba ji a labarai yake nema. Amma maganin labari ɗaya ai ƙarin labarai ne. In abokinka ya karanta Born on a Tuesday kaɗai, zai ɗauka duk Arewa Ɗantala ce. Ba shi The Stillborn da fassarar Alhaki da Measuring Time, sai ya ga uwa mai sana'a, da malamar makaranta, da Kirista ɗan Gombe. Mu ma sai mu tuna cewa in an ce Arewa, ba Bahaushe Musulmi namiji kaɗai ake nufi ba. Akwai Babarbare da Banufe da Batangale da ɗan Tibi da Bamaguje, akwai zuriyar bayi, akwai mai ciwon sikila, kuma kowanne yana da abin faɗa.

Wani hanzari kuma: mu da ke zaune cikin mutanen Kudu, nawa muka karanta nasu? Laifi tudu ne. Half of a Yellow Sun na Adichie, na 2006, zai yi wa ɗan Arewa ɗacin karantawa, domin kashe-kashen Ibo na 1966 a Kano suna ciki ɓaro-ɓaro. Ku daure ku karanta. Kakannin wasu da muke zama aji ɗaya da su sun ga wannan da idonsu, kuma a cikin littafin Bahaushe ne, Mohammed, ya fitar da Olanna daga garin da rai. A kundinta na gajerun labarai na 2009 akwai A Private Experience, inda ɗaliba Ibo da wata Bahaushiya mai sayar da albasa suka ɓuya a shago ɗaya ranar tarzoma. Sannan ku haɗa The Secret Lives of Baba Segi's Wives na Lola Shoneyin, gidan mata huɗu a Ibadan, da Alhaki Kuykuyo Ne, ku karanta su a jere. Za ku ga kishi ba shi da ƙabila. Habila kuma ya rama wa Ekwensi ziyara da Oil on Water a 2010, ɗan Gombe yana ba da labarin Neja Delta.

Yau ƙofa ta fi kowane lokaci faɗi. BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016. Bikin littattafai na Kaduna ya fara a 2017. Marubuta mata suna sakin labari shafi-shafi a Wattpad da WhatsApp, ana karanta wasu da murya a YouTube. Da yawanmu da The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli muka zana JAMB, ɗan Enugu da ɗan Akure duk sun haddace labarin da ya gudana a jami'ar Zariya. Abin da har yanzu ya rage shi ne gibin da ya raba John Tafida da masu karatun Turanci tun 1934, wato fassara. Wa ya fi mu dacewa da wannan aiki? Muna jin Hausa, muna rubuta jarrabawa da Turanci, wasunmu har sun fara tsintar Yarabanci ko Ibo a kasuwa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma sai mai ita ya buɗe baki.

Ga shawarata ga zauren. Littafi ɗaya duk mako uku, saboda kada ya ci lokacin karatun jarrabawa. Mu fara da Shaihu Umar, sai The Stillborn, sai Alhaki tare da na Shoneyin, mu rufe zango da Season of Crimson Blossoms. Zango mai zuwa Measuring Time da Half of a Yellow Sun. Kowa ya zo da aboki ɗaya wanda ba ɗan Arewa ba. Masu tafiya gida hutu, a taimaka a duba akwatunan iyaye da shagunan littattafai na Kano da Zariya a taho mana da na Hausar, domin a laburaren nan da wuya a same su. Wanda kuma yake ganin na tsallake wani littafi da ya fi waɗannan, ya kawo sunansa da hujjarsa ranar zaman farko.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu gama lafiya, ya mai da mu gida lafiya. Amin.